Babana Yana Rufe Ƙofa, Mijina Yana Tari

Hajiya, don girman Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle.

Mijina kafinta ne. Su bakwai ne a rumfa ɗaya a Gyadi-Gyadi, injin yanka katako ɗaya, injin feshin fenti ɗaya, kowa da kusurwarsa. Shugaban rumfar mahaifina ne, shi ya koya wa mijina aiki, shi ya ba shi ni. Duk ranar da za a yi wa gado ko kujera feshi, Baba sai ya sa a rufe ƙofa da tagogi, wai kada ƙurar katako ta hau fentin ta ɓata shi. Mijina ne mai feshin, don ya fi kowa hannu. In an gama sai Baba ya aika a sayo masa madarar gwangwani, wai tana wanke ƙirji. Da hannunsa yake miƙa masa, cikin ƙauna.

Yanzu mijina ba ya iya hawa bene sai ya tsaya. Numfashinsa har ƙara yake yi kamar kukan kyanwa. Likita ya ce ya nisanci warin fenti. Ya dawo gida, washegari ya koma rumfa, wai in ya ƙi feshin da wane ido zai kalli surukinsa. Ya hana ni faɗa wa Baba. Abokin aikinsu Joshua ya taɓa magana, Baba ya ce shi shekararsa talatin yana feshi bai mutu ba. Ina jin haushin Baba, kuma ina jin kunyar haushin. Tsoro nake ji, Hajiya.

Matar kafinta, Tarauni

Ƙanwata, madara abinci ce, ciki take tafiya. Warin fenti huhu yake shiga, ba sa ma haɗuwa a hanya. Mahaifinki ba mugu ba ne, abin da aka ba shi yana yaro yake bayarwa, kuma gaskiyarsa ce ƙura na ɓata fenti. Amma maganin wannan ba rufe mutum da wari ba ne.

A ware wa feshi wuri a waje, inda iska ke ratsawa. A tsayar da injin yanka, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara. Mai feshi ya sa takunkumin da aka yi don fenti, ba tsumma ba. Mijinki kuwa ya ajiye feshi daga yau, ya koma wajen likita.

Kada ki jira shi ya buɗe baki, ba zai buɗe ba. Kunyar suruki tasa ce, ke 'ya ce. Ki sanar da shi za ki je, sannan ki je gida ki zauna gaban Baba, Inna na kusa. Kada ki ce ya yi laifi. Ki gaya masa abin da likita ya ce, ki kuma gaya masa mijinki ya zaɓi ya rasa numfashi da ya ɓata masa rai. Ban ga uban da zai ji wannan ya sake rufe ƙofa ba.

Allah ya ba mijinki lafiya, ya sanyaya miki zuciya.