Ni na kashe injin, bakanike ya ɗauki laifin

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a ɓoye sunana. Tun farko in faɗa, ni ne mai laifi, ba wanda ya cuce ni. Don Allah ku ba ni shawara.

Akori-kurar yayana nake ja, ina ɗaukar tumatir da albasa daga gonakin Bagwai zuwa Bici. Tsohuwar mota ce, tun mahaifinmu na da rai take aiki, kuma da ita gidajenmu biyu suke ci. Da fetur ya yi tsada sai na daina yi mata juyen baƙin mai a kan lokaci, in baƙin mai ya ragu in sayi na kwalba a bakin titi in ƙara. Kusan shekara ina haka, kullum ce wa Yaya nake an yi juye.

Da injin ya fara nauyi na kai wa bakanikenmu, dattijo ne abokin mahaifinmu, Baba muke ce masa. Ya buɗe murfin mai ya lakato da yatsa, wani baƙin abu kamar kwalta. Ya ce in bar masa motar kwana biyu ya kwance ƙasan injin ya wanke da hannu. Na tambaye shi maganin wanke inji da ake talla da lasifika ranar kasuwa. Ya ce, "Kul, ɗan nan! Tsohon inji irin wannan, ka tayar da dattin lokaci guda, rariyar famfon mai zai toshe." Lokacin kakar tumatir ce, na ga ba zan iya zaman kwana biyu ba. Juye kawai ya yi mini na tafi.

Ranar kasuwa na sayi maganin na zuba a ɓoye. Mai tallan ya ce bayan ɗan lokaci a zubar da man gaba ɗaya, ni kuwa na ga mai sabo ne, na kasa zubarwa. Na yi lodi na hau titi. Jar fitilar gargaɗin mai ta kama ban tsaya ba, kafin Bici injin ya buga. Tumatirin mutane a rana ya lalace.

Da Yaya ya tambaye ni, na ce Baba ne ya zuba mana jabun mai. Yaya ya je garejin ya ci masa mutunci gaban direbobi. Da Baba ya kwance injin ya ga rariyar a toshe, ya shinshina man, ya ɗago ya dube ni, ya rufa mini asiri. Yanzu direbobin sun janye motocinsu, in ka wuce garejin shi kaɗai za ka gani a kan benci.

Jiya bayan la'asar na je na durƙusa gabansa, na ce, "Baba, ni na zuba maganin, kai ka hana ni, kuma na yi maka ƙazafi. Ka yafe mini don Allah." Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "Na yafe don mahaifinka. Amma ni a gaban mutane aka zage ni."

Na san Yaya, in ya ji gaskiya ko an gyara motar ba zan sake taɓa makullinta ba, ga ni da 'ya'ya huɗu. Jama'a, in tsaya a yafiyar da na samu, ko in je tasha in faɗa gaban direbobi?