Fuskar Yaretzi a Cikin Kek

Litinin, 14 ga Yuli

Ta iso! Jikata Yaretzi tana cikin gidana, tana cin mangwaron bishiyata. Na rubuta wannan layin na karanta, na sake karantawa. Allah ya saka wa malamar ajinmu na yamma da ta koya wa tsoho riƙe biro, don wannan murnar ta fi ƙarfin ƙirjina.

Rabona da ita tun tana jaririya, da ubanta Rogelio ya tafi da ita birnin Monterrey bayan ambaliyar da ta ci uwarta, 'yata Ernestina, da muke kira Tina. Yau ga ta doguwa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne Kakan? A waya ka fi tsayi." Matata Otilia ta ce, "Rufe bakinka, tsoho, ƙuda zai shiga."

Rogelio ya ja ni gefe. "Don Casimiro, in ta ji daɗi, duk hutu zan kawo ta. Amma kada a ɗora mata mamaci. Ita ba Ernestina ba ce." Na ce haba. Na sake cewa haba.

Laraba, 16 ga Yuli

Tana karkata ƙafar hagu in tana tafiya, kamar uwarta. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na kai ta dandali. Ta ga injin askirim a shagon Doña Chabela, wanda ke murɗo shi cikin ƙoƙon biskit, ta kafe. Chabela ta ce, "Yau da rabon in ga Casimiro a ƙofata! Yarinya, kakan nan naki har titi yake tsallakewa don kada ya wuce ta nan."

Na saya mata. Igiyar takalminta ta kwance, ta ce in riƙe mata askirim ɗin. Ya narke ya gangaro min a wuyan hannu. Sanyin nan. Na tsaya tsakiyar dandali, rana tsaka, amma ni ina cikin rumfar kifi.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. A kamfanin ƙanƙara na yi aiki, ina kai wa masunta. Shekarar da kogi ya shigo gari, wuta ta ɗauke, aka jera waɗanda aka tsamo a rumfar kifi, ni ke kawo ƙanƙarar da ake sa musu. A nan na ɗaga wani mayafi na ga 'yata. Fari fat, ido a rufe, gashi a jiƙe. Ni na jera mata ƙanƙarar da hannuna, don ban yarda wani ya yi mata da garaje ba. Tun ranar ko ruwan sanyi ba na sha.

Yaretzi ta ce, "Kaka, lasa mana, yana zuba!" Na ce haƙorina.

Lahadi, 20 ga Yuli

Asabar za ta cika goma. Kek ɗin askirim take so, irin na birni, mai cakulan a ƙasa. Gidan nan ba firiza, ni na hana. Otilia ba ta ko tambaye ni ba, ta aro na maƙwabcinmu Nicanor, aka kawo shi a baro aka ajiye a baranda. Dogon farin akwati mai murfi. Na ce a juya shi wajen bango. Ta ce, "Akwati ba shi da fuska, tsoho."

Wuni yake yi yana gurnani.

Talata, 22 ga Yuli

Mun kama ƙaguwa a bakin kogi. Ta yi dariya har da shaƙuwa. Da ta matsa kusa da ruwa na ce, "Tina, dawo!" Ta juyo. "Wa?" Na ce tsufa ne. Rogelio yana nesa yana waya, ina jin bai ji ba. Ina jin.

Juma'a, 25 ga Yuli

An kawo kek ɗin. Otilia ta ƙwanƙwasa shi da cokali, kamar dutse. Ta ce, "Ka san jikokin ƙanwata Remedios sai sun tura mata fuska cikin kek wajen cizon farko, yadda aka saba. A wannan, hancinta zai fashe. Gobe ka fito da shi tun da wuri ya saki, ni ina kan tamale, alalen masara ba ya jira."

Ni. Ni zan buɗe murfin.

Asabar, 26 ga Yuli

Na buɗe. Hayaƙin sanyi ya taso min a fuska, na rufe ido na laluba na ɗauko. Na aje a inuwa tun kafin baƙi su zo, don ba zan iya komawa wajen akwatin ba. Ya saki fiye da kima.

Gida ya cika. Remedios, ƙanwar Otilia, da zugar jikokinta, Nicanor da garayarsa mai tsinkakkiyar tsirkiya. An yi waƙa, ta hura kyandir, yara suka ɗauka: "Cizo! Cizo! Cizo!" Ta sa hannuwa a baya ta sunkuya tana hararar kowa. Remedios da kanta ta danna mata kai, tsohuwa da ita. Fuskar ta nutse har kunne.

Ta ɗago. Fari fat. Ido a rufe, gashin goshi a jiƙe, ta tsaya ƙyam ba motsi, wai wasa take yi musu.

Ban san lokacin da na ture teburin ba. Sun ce na yi ihu da sunan uwarta. Na rungumo ta ina goge fuskar da rigata da ƙarfi, ina cewa a cire mata, a cire mata, sanyi take ji. Sai da ta ce, "Kaka, kana ji min ciwo," na sake ta.

Kek a ƙasa, kare a kai. Rogelio ya kama hannunta suka shiga ɗaki.

Shi ke nan. Na yi abin da aka ce kada in yi.

Lahadi, 27 ga Yuli

Ban je coci ba. Na ga jakarsu a bakin ƙofa.

Ina zaune ƙarƙashin mangwaro ta zo ta tsaya, kumatunta ja inda na goge. Ta ce, "Baba ya gaya min zancen rumfar kifi." Ta ce, "Mama ma an taɓa tura mata fuska a kek?"

Na buɗe baki in ce ban tuna ba, sai abin ya faɗo min gaba ɗaya. Bikin cikarta sha biyar, doguwar riga ruwan hoda da ba ta so, ta gargaɗe kowa cewa duk wanda ya taɓa ta sai ta yi masa rotse. Ni na danna ta. Ni! Ta bi ni da tsintsiya har titi, kirim yana ɗiga daga haɓarta, tana "Baba, yau sai na kashe ka!" Ina wannan ya ɓuya duk shekarun nan?

Yaretzi ta ce, "Ta kama ka?" Na nuna mata tabon da ke bayan kunnena. Ta yi ta tambaya, na yi ta ba ta. Da na ɗaga kai Rogelio na jingine da ƙofa. Ya ce, "Ba ta taɓa gaya min zancen tsintsiyar ba." Can ya ce, "Ni ban iya ba ta labarin uwarta ba, Don Casimiro. In na fara, a kogi nake ƙarewa."

Bai ce za su zauna ba. Amma bas ɗin rana ya wuce.

Laraba, 30 ga Yuli

Sun tafi yau. Daga tagar bas ta ce, "Kaka, ina bin ka kek! Disamba!" Na dubi ubanta. Ya ɗaga kafaɗa. "Ka ji ta."

Alhamis, 7 ga Agusta

Gida shiru. Da safe ina aski, na nemi fuskar Tina yadda na saba ganinta kullum, ta rumfar kifi. Wata ce ta zo, mai kirim a haɓa, baki buɗe tana zagina. Na jira waccan. Ba ta zo ba har ruwan ya huce.

Ban sani ba ko laifi ne. Otilia ta leƙo ta ce me nake wa murmushi ni kaɗai. Na ce ba murmushi ba ne, reza ce ba ta da kaifi.