Sunan da ke kan Allo

Daren Laraba, garin Abu Na'ama

Rakuba uku, wato rumfunan shan gahawa, a bakin bahar, kogin nan namu, ni na kafa su, ba wanda ya ɗaga mini ko sanda. Yau muka buɗe ta ukun. Amma mutane har gobe "Jabanar Hauwa" suke cewa, don yayata Hauwa ce ta fara dafa gahawa a jabana, butar gahawa, a yashin nan. Ta zo tana kallon allon da aka rubuta sunana, ga shi ba ta karatu.

"Auta, me aka sa?"

Na ce, "Sunanki, Yaya."

Ta rangaɗa guɗa. Gobe zan sa a ƙara sunanta a ƙasan allon. Nawa sunan dai, Adamu, a bar shi a sama.