Kujerar Kaka a Teburin Taro

Sun karɓa! Kwamiti ya karɓi shawarata!

Yi haƙuri 'yata, murna ta sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum. Ya maigidanki da yara?

Amaryata, wato 'yarki, ta same ni a shago. Suna shirya taron marubutan labaran sararin sama da na aljanu, ita ce ƙarama a kwamiti. An ce kowa ya kawo batun tattaunawa, kanta ya toshe. Muka zauna a tsakanin matattun rediyoyi. Na ce a tattauna ko aljani yana buƙatar kumbo. Ta yi dariya. Na ce to, na'ura mai magana za ta iya zaman makoki? Ta taɓe baki. Sai na ce: mutum ya tafi duniyar da lokaci ba ya gudu, ya dawo ya tarar jikansa ya girme shi. Wa zai durƙusa ya gaida wani? Nan ta zaro biro.

Jiya ta aiko cewa an karɓa. Tun a shago kuma ta ce in an karɓa, ni da kaina zan zauna a tebur tare da masu digiri. Ni da na koyi karatu da furfura a kaina a ajin yamma!

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifinki.

*

Mama,

Barka da gida, da fatan kina lafiya. Bakina ya kasa faɗa a waya, shi ya sa na rubuto.

Na yi wa Kaka alkawari ban tambayi kowa ba. Shugaban kwamiti ya yaba batun, har ya ce shi zai jagorance shi. Da na ambaci Kaka sai ya ce, "Littafi nawa ya wallafa?" Aka yi dariya. Mama, har da ni. Wai tebur na marubuta ne, tsoho ya zauna cikin 'yan kallo. Ban ma gaya musu cewa batun nasa ne ba. In na matsa, ni za a cire.

Don Allah ki gaya masa. Ya fi jin maganarki.

'Yarki.

*

Ke,

Lafiya lau muke. Na je don in gaya masa. Na tarar da shi tsaye gaban madubi yana karanta jawabinsa da ƙarfi, yatsa a kan layi. Ya ce in gyara masa inda ya yi tuntuɓe. Na gyara, na dawo gida.

Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Kin san hanyar shagon.

Mamanki.

*

Amaryata,

Gaisuwa mai yawa. Na kira ba ki ɗauka ba, na san aiki ne ya sha kanki. Ko kin yi sabon miji a kwamitin ne kika manta da tsohon?

Jawabi ya zauna. Yanzu ina kai ƙarshe ba tare da yatsa ba. Uwarki ta saurara, har ta gyara min inda na yi tuntuɓe.

Ki gaya wa shugabanku ya ƙara kujeru. Malaminmu na ajin yamma zai zo, ko da yake ƙafa ta hana shi fita tun bara. Ya ce ko a goye ne sai ya ga ɗalibinsa a tebur. 'Yan ajinmu da suka rage za su zo, da tela, da mai walda na kusa da ni, wanda ya ce ƙarya nake yi. Na ce musu babu mai tare su a ƙofa, jikata ce a ciki.

Duk wanda kika gani ki gaya masa, ya zo ya gani da idonsa.

Angonki, Kaka.