Ciyawa Ta Bushe A Dutsen Da Ka Saya

Wanda ya tsaya karanta wannan don ya samu abin hira a majalisa, ya sani maganar ran ɗana nake yi. Wanda kuma ya kewaye wani daji da shinge yana ganin ya gama aikin alheri, ya daure ya kai ƙarshe.

Zuwa ga Abba, babban ɗana, a Legas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Na kira ka ba ka ɗauka ba. Na sa kawunka Sale ya neme ka, ka ce masa kana mitin. To, tunda a shafin nan na intanet kake saka hotunan dutsenka mutane suna yaba maka, a nan zan same ka.

Ban ga laifinka ba da ka sayi dutsen nan na wajen Arikya. Da kai da abokanka ba ku haɗu kun saye shi ba, da yanzu masu fasa dutse sun cinye rabinsa, masu gawayi sun ƙarasa sauran. Ka ce a bar wa birai da gada da zabin daji wurin zama, 'yan makaranta su riƙa hawa ranar Asabar suna shan iska. Na yi sakandare, na san amfanin daji. Na sa maka albarka a lokacin.

Amma ranar ciniki da maza ka zauna. Kuka sa hannu, kuka ci shinkafa, kuka watse. Ba ka tambayi mace ko ɗaya ba.

Kakarka 'yar ƙauyen da ke gindin dutsen ce. A wurinsu ƙasa ta maza ce, amma kowace ɗorawa da kowace kaɗanya da ke sama tana da mai ita, kuma mace ce, a wurin uwarta ta gada. Ka manta ranar da ka tsinko ɗorawa kana ƙarami, kakarka ta tasa ƙeyarka har ƙofar wata mata ka mayar? Tana tafe tana cewa, "Babu bishiyar da ba ta da uwa a dutsen nan." Waɗanda suka sayar maka sun san haka sarai. Suka yi shiru, kai kuma ba ka tambaya ba.

Ka zagaye wurin da waya mai ƙaya, ka sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, ka gina wa ƙanenka Nura ɗaki a sama ka ce shi ne mai kula. Ɗorawa ta nuna bana, matan suna tsaye a waje suna kallon birai na wasa da ita. Kaɗe ya zube da damina, ya ruɓe a ƙasa. Iya Talatu, ƙawar kakarka, wadda da daddawa take riƙe da marayun ɗanta, ta zo ƙofar da ƙwarya a ka, Nura ya ce mata yayansa ya hana. Ya faɗa mini bai iya ɗaga ido ya kalle ta ba.

Shekaranjiya na hau mota na je da kaina. Na gai da mata a bakin rijiya, suka amsa mini da Hausa, cikin ladabi, kamar baƙuwa. A da da yarensu suke tsokanata, su ce 'yar birni ta zo da takalminta. Babu wadda ta ce in shigo in sha ruwa. Babu kuma wadda ta yi mini ƙorafi, kuma shirun nan ne ya fi ba ni tsoro.

Sai na hau. Abba, ciyawa ta fi tsayin mutum, ta bushe ƙayau, tana ƙara idan iska ta taɓa ta. Duk shekara da ruwa ya ɗauke, kowace mace takan share gindin bishiyarta, su ƙone ciyawar tun da sauran danshi, don kada wutar rani ta ci musu fure. Bana wa zai share bishiyar da aka hana shi? Daga sama na hango hayaƙin masu farautar ɓera a gonakin gabas.

Ba na cewa wani zai cinna maka wuta. Ba sai an cinna ba. Tambayata, idan ta tashi, wa zai fito da ɗanyen ganye ya kashe? Ƙofa ɗaya ce, waya ta rufe ko'ina. Gadar da kake karewa ba ta da hanyar gudu, ɗana Nura ma haka. Iya Talatu ta raka ni bakin titi, magana ɗaya ta yi: "Ki ce wa yaron ya daina kwana a sama."

Na san zuciyarka. Kai ne ka ƙi cin abinci ranar da babanku ya yanka zabuwar da kake ba dawa da hannunka. Tausayin nan yana nan a jikinka, ɗana, sai dai ka raba wa dabbobi ka tsallake mutane.

Na koma sama na sa Nura a gaba mun dawo gida. Kafin mu taho na cire kwaɗon na bar ƙofar a buɗe, amma babu wadda ta shiga, don ba ni na rufe ba.

Allah Ya tsare dutsen nan da abin da ke cikinsa. Allah Ya riƙe iskar nan har ka iso, Ya sanyaya zukatan waɗanda ka ɓata wa.

Ni ce mahaifiyarka, daga Lafiya, kuma ga dokar gidana daga yau: babu ɗana da zai sake kwana a dutsen nan, kai kuma ba za ka ci tuwona ba sai ka fara zuwa ƙauyen ka durƙusa gaban matan nan, ka roƙe su su koma bishiyoyinsu.