Na wanke injin marigayi, yanzu ya yi tsatsa

Anti Hureira, don Allah ki taimake ni, na yi aika-aika da hannuna kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Muna zaune a Taman Melati, nan Kuala Lumpur. Maigidana yana karatun digiri na uku Allah Ya yi masa rasuwa, kwanan nan na fita takaba. Mutum ne mai son tsofaffin motoci kamar me. Akwai gangar jikin injin wata tsohuwar motar Amurka mai silinda takwas da ya saya, makanikai na ce mata bulok. Ya ajiye a baranda, kullum Asabar ya shafe ta da baƙin mai ya lulluɓe. Sau nawa muka yi faɗa a kan warin man nan! Shi ko dariya yake yi, ya ce tamkar fili ne ya saya mana, don kuɗinsa ya kai haka. Haka ma ya faɗa wa wansa, Yaya Ubale, a Kano.

Ƙarshen wata zan koma gida da 'yarmu Afnan, dole a sayar. Sai na ga ai ba a kai kaya kasuwa da dauɗa. Na sa omo da soson ƙarfe na dirje shi tas kamar tukunyar biki, ina yi ina kuka. Kin san garin nan da ruwan sama da laima. Kwana biyar ya koma jajir da tsatsa. Wanda ya zo saye ya kalle shi sau ɗaya, ya ce sai dai a auna a kilo, kuɗin gwangwan.

Yanzu Yaya Ubale yana ta tambayar kuɗin injin don a haɗa a gado. In na kai masa wannan ɗan abin zai ce na ci. In na faɗi gaskiya a ce na lalata dukiyar marainiya. Wallahi kunya ta hana ni ko leƙa barandar.

Maman Afnan

Maman Afnan, Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙuri. Share hawayenki, ƙarfe ba ya mutuwa a kwana biyar. Na tambayi makaniki, ya ce tsatsar sama tana goguwa. Abin da ke karya darajar irin wannan shi ne tsagewa, abin da ke ɗaga ta kuwa lambobin da ke jikinsa. Mai sayen nan ya ga bazawara mai gaggawa ne, ya so ya ci bulus.

Yau ki sake shafe shi da mai. Ki ɗauki hoton lambobin, ki sa abokan karatun marigayi biyu su kai shi a duba ko ya tsage, su kuma nemi masu tara tsofaffin motoci. Mai yiwuwa ba zai kai kuɗin fili ba, masu son abu sukan yi masa kuɗi da zuciya.

Shi kuma Yaya Ubale kada ki ga laifinsa, haƙƙin marainiya yake tsarewa, kuma abin da ƙaninsa ya faɗa masa kaɗai ya sani. Ki kira shi tun kafin ciniki ki faɗa masa komai, har da omon. Ranar sayarwa a kira shi ta bidiyo ya ji farashi da kunnensa.

Ba ɓarna kika yi niyya ba, 'yar uwa. Mijinki ya tafi, kika rasa abin da za ki yi masa, sai kika wanke abin da ya fi so. Allah Ya kai ku gida lafiya, Ya raya Afnan.