Tsagar da Ka Rufe a Ɗakin Yara

Baban Rahila,

Gaisuwa mai yawa, kamar yadda aka saba fara wasiƙa. Ba zan tambayi lafiyarka ba, don na san inda kake. Kana kwance bayan gonarku a ƙauye, can kusa da Gagarawa. Na san kuma ba za ka karanta wannan ba. Kana da rai ma ba ka cika karanta abin da na rubuta maka ba, sai ka ninke ka cusa a aljihu, in tsince shi ranar wanki. Amma yau sai na faɗa, don abin ya tokare mini ƙirji. Fushi nake yi da kai. Shekara guda da wata ɗaya na yi ina yi maka kuka, yau sati biyu ke nan ina fushi da kai, kuma fushin ya fi kukan hana ni cin abinci.

Bari in fara ba ka labarin gida, kada ka ce ban da ladabi. Muna Gumel, dogon hutu ya kawo mu kamar kowace shekara. Damina ta yi kyau, gero ya fid da kai, riɗin ƙaninka Yohanna ya fi na kowa a layinsu. Inna mahaifiyarka tana nan, ƙafa ce kawai ke damunta. Saratu ta zubar da haƙora biyu na gaba, tana ta wangale baki tana nuna wa mutane. Mun je Sule Tankarkar wurin Kawu Malam Isa, ya yanka mana zabo yadda ya saba, ya yi maka addu'a irin tasu, mu ma muka yi irin tamu. Yaran sun matsa sai an kai su kasuwar Maigatari su ga raƙuma, Yohanna ya kai su. Ni ban je ba. Ka san dalili, ko ba ka sani ba? A can nake tsaye bara, ranar Alhamis, Saratu na jan zanena tana nuna mini wani raƙumi yana tuƙa, wayata ta yi ƙara, dattijon cocinmu ya ce in nemi wuri in zauna.

Kai ka ɗauke mu daga Gumel ka kai mu waccan unguwa ta gindin dutse a bayan Abuja, saboda aikin gini ya fi tafiya a can. Ban yi musu ba. Kullum kana yi wa garinmu dariya, wai yashi ne zalla, ko dutsen niƙa sai an sayo mana daga wani gari. Ranar da ka gama gidanmu ka buga ƙafa a ƙasa, ka ce wannan karon a kan dutse ka yi gini, jikokinka ma za su gada. Ka sa na yi maka alkawari ko bayan ranka ba zan bar gidan ba. Na yi dariya na amsa, don a lokacin wa yake tunanin bayan rai?

Sai ƙasa ta fara motsi. Ranar farko ina kan keken ɗinki, na ji kamar babbar mota ta bi ta ƙarƙashin ɗakin, ruwan bokiti na rawa, kwanon rufi na kaɗawa. Wasu suka ce masu fasa dutse ne, wasu suka ce dutsen ne da kansa yake juyi. Kai kuwa dariya ka yi, ka ce motocin Maigatari sun fi haka girgiza gida. Daga nan abin ya zama namu na yau da gobe. Wani lokaci a yi wata biyu shiru, wani lokaci sau biyu a sati. Ana cikin sujada sai a ji benci ya motsa, mawaƙa su ɗan yi tsit, fasto ya ɗaga murya, a ci gaba.

Bangon coci ya tsage daga saman taga. A nan ne nake so ka saurare ni, kai da ba ka sauraren kowa a kan gini. A hannun babanka ka koyi sana'a, da ginin ƙasa. A wurinmu, in bango ya tsage, aikin ruwa ne ko na gara. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a cusa, a yaɓe, shi ke nan sai baɗi. Wannan ilimin ka ɗauka ka kai inda ba ya aiki. Ka kwaɓa siminti ka cusa a tsagar da ƙasa ta yi daga tushe, ka shafe, ka bi da fenti. Me ya hana ka tsaya ka tambayi kanka, ruwa nawa aka yi da zai tsaga bulo a watan bazara?

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni na sa ka yi na farkon. Taron zumuntar mata ya matso, baƙi za su zo daga wasu majami'u, ni ce mai kula da gyaran wuri. Na ce maka abin kunya ne a ce akwai magini a cikin ikilisiya, bango yana hangame baki a gaban baƙi. Na yi ta mita har ka ɗauki cokalin gininka ka tafi. Ranar taron har yabon fentin aka yi, ni kuma ina ta fara'a. Wannan nawa ne, na ɗauka, zan je da shi gaban Allah. Amma da ya sake buɗewa bayan wata biyu, ni na aike ka? Na uku fa? An ce za a ɗaura aure a cocin, ka sa mu a motar Gumel, ka ce mu yi gaba za ka biyo mu ranar Juma'a. Motsin ranar Alhamis ɗin ma ba wani babba ba ne, maƙwabciyarmu Maman Talatu ta ce ko kofi bai faɗo mata ba. Kana kan tsani, saman tagar ya ɓallo da duk simintin da ka yi ta cusa masa. Ka biyo mu ranar Juma'a kuwa, a bayan mota.

Da hutu ya ƙare na kwashi yara na koma, saboda alkawarin da na yi maka. Inna ta roƙe ni in zauna a Gumel, na ƙi. Ƙasa ba ta daina motsi don ka mutu ba. In ta motsa mu fito tsakar gida da gudu, in ta lafa mu koma ciki mu ci gaba da abin da muke yi. In aka yi ruwa da iska, ɗakin yara nake tura su, don kai ka ce mini shi ya fi kowane ɗaki ƙarfi. A coci kuma sun mai da kai abin misali, wai ka mutu a bakin aikin Ubangiji. Ina zaune a bencin mata ina haɗiye maganata. Ba wanda ya tashi ya ce bangon nan rushewa ya kamata a yi tun farko, don duk dattawan sun san da su aka yi shawarar a rufe kada mutane su tsorata su daina zuwa. Allah da ya ba mu bangaskiya, bai ba mu hankali ba ne?

A shekarar nan Rahila ta canza mini. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya ko ta biyu a aji ta koma can ƙasa. Ta rame. Kowace yamma sai ta ja katifarsu daga jikin bango ta kai bakin ƙofa, in mayar, ta sake ja. Na yi faɗa, na yi zagi, sau ɗaya har na mare ta, na ce rashin uba ne ya fara sa ta taurin kai. Ta koma tana kwanciya ta wajen bango, ta sa Saratu ta wajen ƙofa.

Asabar ta sati biyu da suka wuce muna ƙauye. Mata suna yaɓen ƙaramin cocin ƙasa na can saboda sujadar godiya, Rahila na ɗebo musu ruwa. Da ta ga wata tsohuwa tana danna ƙasa cikin tsagar bango da tafin hannu, sai ta saki bokitin, ta durƙushe tana kuka har da amai. Na ja ta gindin darbejiya, na yi ta lallashi, sannan ta gaya mini. Sati guda kafin ka sa mu a mota, ranar da na tafi kasuwa sayen yadi, ka ja sif ɗin kayansu gefe. Akwai tsaga a bayansa. Ita ta riƙe maka kwanon siminti. Ka rufe, ka shafa fenti, ka mayar da sif ɗin, ka ce kada ta gaya wa Mama, Mama na da faɗuwar gaba. Ka sa ta yi maka alkawari.

Baban Rahila, shekararta goma sha biyu a lokacin. Wane irin kaya ne wannan ka ɗora mata? Ta ga irin aikin nan ya kashe ka, ta san irinsa yana bayan sif ɗinsu, kuma ubanta da ya mutu ya ce ta yi shiru. Shekara guda tana kwana da ido ɗaya, tana kare ƙanwarta da bayanta, uwarta na marinta. Faɗuwar gabana ka tausaya wa? Da ka bar gaban nawa ya faɗi sau ɗari. Ni matarka ce, tare muka ɗebi yashin gidan nan, ni ya kamata ka nuna wa bangon. Ka san ba zan yarda mu kwana a ciki ba, shi ya sa ka zaɓi wadda ba za ta iya yi maka musu ba. Wannan ne ba zan yafe maka yau ba.

Ranar Litinin na shiga mota ni kaɗai, na koma gidanmu na Abuja. Maman Talatu ta kama mini muka ja sif ɗin. Ba zan tauye maka haƙƙi ba, aikin ya yi kyau, ko launin fentin ba a bambancewa. Na ciro cokalinka daga jakar kayan aikinka, na ƙwanƙwasa, na ji ya amsa kamar ƙwarya. Na kankare. Tsagar ta taso daga ƙasa har zuwa rufi. Hannuna ya shige har wuyan hannu, ta cikinta ina hango masarar maƙwabta. Na zauna a kan katifar yaran.

Yohanna ya bugo waya ya ce in samu magini ya shafe, a zuba 'yan haya, kada wahalar ɗan'uwansa ta tafi a banza. Na tambaye shi 'yan hayar ba su da yara ne? Dattawa biyu suka zo suka ce in yi haƙuri in rufa maka asiri, sunanka yana da daraja a ikilisiya. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na bar sif ɗin a tsakiyar ɗaki, na bar ƙofa a buɗe. Ranar Laraba a taron mata na miƙe na ce duk wadda mijina ya taɓa yi wa gyaran bango tun da ƙasa ta fara motsi, ta je ta ƙwanƙwasa. Maman Talatu ta samu nata a ɗakin girki, daidai inda take zama da jaririnta. Yanzu in an ambaci sunanka a unguwar sai a ɗan yi shiru. Ni na jawo maka, da bakina. Inna ta ji labari, kwana shida ke nan ba ta amsa gaisuwata, tana cewa na tone ɗanta daga kabari. Ya yi mini zafi, don ni ma da sunan nan nake taƙama. Amma da sunanka da ran jaririn mutane, wanne kake so in zaɓa?

Alkawarin da na yi maka na karya shi. Ba zan koma gidan ba. Na nema wa yaran makaranta a nan Gumel, keken ɗinkina zai iso a motar kaya ranar Asabar, na samu ɗaki biyu kusa da cocinmu na da. Ginin ƙasa ne, a kan yashin da kake yi wa dariya. Akwai 'yar tsaga a bangon waje, na nuna wa Rahila da hannuna, muka kira mai gidan ya duba a gabanta, ya ce ta ruwa ce. Cokalinka yana wurina. Yohanna ya nema, na hana.

Kada ka ɗauka na daina sonka. Har yanzu in na ji ƙarar babur a ƙofar gida da yamma sai na ɗaga kai. Na san tsoro ne ya sa ka, tsoron kada a ce gidan da ka buga wa ƙafa ya gaza. Da ka gaya mini, da mun ji kunyar tare, da yanzu kana nan kana yi wa Saratu tsiyar giɓinta. Zan yafe maka, fasto ya ce dole ne, ni ma na sani. Amma sai ranar da 'yarka ta kwana ba ta ja katifa ba.

Saura abu ɗaya. Ko bayan ta gaya mini, Rahila ba ta samu natsuwa ba, tana ganin ta ci amanarka. Jiya ta tambaye ni ko kana fushi da ita a can. Na ce mata a'a. Na ce da kana da bakin magana, da ka ce ta yi daidai, ka sake ta daga alkawarin, kai ne ma kake neman gafararta. Daga nan ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Na yi magana da bakinka ba da izininka ba. In mun haɗu, kada ka kuskura ka ƙaryata ni.

Ka huta lafiya. Ƙasar da kake ciki ba ta motsi.

Ni ce matarka, mai fushi da kai har yanzu,
Maman Rahila